Tabo a Kuncin Hagu

Babban Mutum, 4 ga Rajab

Zuwa ga ƙanwata Hadijatu, Katsina.

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da zan ɗauke hankalinki alhali marasa lafiya na jiranki. Ya maigidan da yara?

Dalilin da kika ga takarda maimakon kira, na kashe wayata yau kwana goma sha ɗaya. Wani baƙin tabo ne ya fito mini a kuncin hagu, daidai inda nake soke wayar cikin ɗankwali idan ina shanyar kuɓewa. Kin san yarinyar nan ta Damagaram da hantsi take kira, gidanmu kuma sabis ba ya kamawa sai a tsakar gida, nan rana ke dukana har mu gama magana.

Laraba maƙwabciyata ta ce wutar waya ce. Malam maigidana ya ce rana ce kurum. Na ce to, shekara talatin ina shanya, kuma yaushe rana ta san hagu da dama? Sai Laraba ta ce haɗuwarsu ce, kamar kanwa da tsamiya. Ni dai kaina ya ɗaure, kuma ina tsoron faɗin abin da ba ni da iliminsa. Ke kika yi karatun asibiti. Wanne ne a ciki?

Ki huta lafiya.
Yayarki, Kubura

Katsina, 9 ga Rajab

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ajaminki ya ba ni wuya, sai da maigidan ya taya ni karantawa.

Na tambayi likitan fata. Ya ce rana na baƙanta fata, wannan ba gardama. Na waya kuwa, da haɗuwarta da rana, ya ce ana kan bincike, ba zai rantse miki da i ko a'a ba. Zafinta da gumi ma na iya taɓa fata. Ya ce me kika shafa a wurin? Ki faɗi gaskiya, na san ki da Laraba.

Amma ba wannan ya dame ni ba. Ummukulsum ta kira ni sau huɗu tana kuka. Watan haihuwarta ya kama, tana zaton fushi kike yi da ita. Haba Yaya! Kin cika mini shafi guda, ita ko saƙon baki? Kunyar 'yar fari har ta kai nan?

A gaida Malam.
Hadijatu

Babban Mutum, 13 ga Rajab

Hadijatu,

Bayan gaisuwa da ban haƙuri. Gaskiya na shafa lemun tsami, Laraba ce ta matso mini. Amma sai da tabon ya fito na fara, ko da yake daga nan ne ya ƙara duhu. Ga shi a da abu biyu nake zargi, yanzu sun zama uku.

Maganar yarinyar nan ta hana ni cin abinci. Ban san zan aika in ce me ba. In ce ina tsoron fuskata fiye da jin muryarta? Astagfirullah.

Jiya na ciro wayar daga ƙasan akwati, aka yi mata caji. Da hantsi sai ga kira. Na fita tsakar gida. Laraba ta leƙo ta katanga ta ce, “Kubura, ɗayan ma za ki gasa?” Na soke wayar a kuncin dama.

Yarinyar ta ce, “Inna, me na yi miki?” Ni kuma abin da ya fito bakina shi ne, “Kina dai cin abinci?” Muka yi ta yi har aka kira azahar. Kaji suka shiga kuɓewar ina kallo.

Yau na duba kuncin daman a madubi sau uku. Kamar akwai wani abu, kamar babu. Gobe ma za ta kira, kuma zan ɗauka. Ki tambayar mini likitan ko in rufa da tawul, ko hakan ƙara zafi zai yi. Don Allah ki ba ni amsa da wuri.

Wassalam,
Kubura