Kura-kurai Goma Sha Bakwai

Kolomyia, 2 ga Nuwamba

Gwaggo Orysya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan gwiwarki ta yi sauƙi, kuma an gama shigar da itacen hunturu. Na ba direban bas wannan takarda don bakina ba zai iya faɗa a waya ba.

Na yi abin kunya. Kin san ajin da nake koyarwa a ɗakin karatu na gari, Talata da Alhamis: manya goma sha ɗaya da yaƙi ya koro daga gabas. Suna jin harshenmu na Yukren, amma da Rashanci bakinsu ya saba. Makon jiya muka yi kalmomin nan uku, khochu, mozhu, mushu, wato ina so, zan iya, dole in. Na ce kowa ya rubuto jimla biyar daga gida.

A jami'a an koya mana a ɗauki takardar da ta fi kura-kurai, a kwafa a allo ba suna, a gyara tare. Na ɗauki ta Arkadiy Semenovych, wani dattijo mai walda da ya shigo ajin ranar 17 ga Oktoba. Kura-kurai goma sha bakwai, sau biyu na ƙirga. Na kwafi jimla uku: "Ina so in yi maka magana da harshenka. Ba zan iya ba tukuna. Dole in iya kafin ranar." Na ja layi, na gyara, har na ce, "Wace rana? Jimla ba ta tafiya da ƙafa ɗaya." Mutum biyu suka yi dariya. Ya miƙe, ya sa hularsa, ya ce, "A gafarce ni, Solomiya Tarasivna," ya fita.

Da aka tashi, maƙwabciyarsa Raisa ta tare ni a bakin ƙofa. "Ke 'yar boko, idon nan naki ado ne?" Ashe ɗansa Vadym soja ne, an kashe shi ranar 10 ga Oktoba. Ɗan ya daɗe da barin Rashanci ya koma harshenmu, uban yana yi masa ba'a, har suka rabu ba sa ga-maciji. Abin da zai faɗa a bakin kabari ranar addu'ar arba'in ne ya kawo mini.

Sau biyu na karanta takardar nan, Gwaggo, ban ga mutum a ciki ba. Darasi biyu ke nan bai zo ba. Na rubuta takardar barin aiki, tana cikin jakata.

Ki huta lafiya.
'Yarki, Solomiya

Yavoriv, 6 ga Nuwamba

Yabo ga Yesu Almasihu!

Solomiyka, gwiwa tana nan, ni ma ina nan, muna haƙuri da juna.

Barin aiki? Wato ki tsaga mutum, ki gudu ki bar shi da ɗinki? Shekara talatin da huɗu na yi a gaban allo. Da kowace kunya na ajiye alli, da tuni ina kiwon tumaki. Takardar jakarki ki hura murhu da ita.

Ki je gidansa da ƙafarki. Ga zuma nan na ba direba, kada ki je hannu rabbana. Kuma don Allah ki rage bayani, na san ki.

Na sumbace ki.
Gwaggonki

Kolomyia, 11 ga Nuwamba

Gwaggo Orysya,

Na gode, zumar ta iso. Na je jiya da ƙarfe huɗu. Ɗaki ɗaya suke ciki a ɗakunan kwanan ɗalibai, hoton ɗan yana kan tebur da baƙin ƙyalle a kusurwa. Matarsa ta karɓi zumar, ta zuba mini shayi. Na ba shi haƙuri, ya ce, "Aikinki kika yi, 'yata. Ni ma in na ga muguwar walda ba na shiru."

Da na tsaya a nan. Sai na fito da abin da na shirya: jawabinsa duka, na sake tsara shi da harshe mai kyau, babu kuskure ko ɗaya. Ya karanta har ƙarshe, ya miƙo mini. "Ya yi kyau. Amma Vadym zai ce, Baba, wa ka yi haya?"

Matar ta juya fuska ga taga. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Kin ce in rage bayani, na rage, sai na kai shi a rubuce. Ban tambaye shi ko zai dawo aji ba, ban ga da wane baki ba. Ranar arba'in ɗin Asabar ce, 18 ga wata.

Ki yi mini addu'a.
Solomiya

Kolomyia, 15 ga Nuwamba

Solomiya Tarasivna mai daraja,

Barka da yini. Ni na rubuta wannan da hannuna, ba wanda ya taya ni.

Asabar ƙarfe goma, maƙabartar gari, layin sojoji. Zan faɗa masa yadda na iya. Ki zo ki tsaya bayana. In na yi kuskure, ki ƙyale ni. In kika ji na yi shiru, ki ba ni kalmar gaba.

Maganar aji, sai bayan Asabar.

Da girmamawa,
Arkadiy Semenovych