Yatsu Huɗu na Auta

Litinin, 6 ga Mayu
Alhamdu lillahi! An kira Auta gwajin aiki, bayan shekara biyu tana zaman gida. Ofishin ajiye bayanan marasa lafiya ne a asibiti, ranar Alhamis ta sama. Za a ba su shafi su kwafe a kwamfuta, kalma arba'in a minti, kuskure kada ya wuce biyar. Mutum biyu kacal za a ɗauka. Don murna sai da na ƙona rigar Babansu da dutsen guga.

Da la'asar na leƙa in ga shirin da take yi. Innalillahi! Yatsu huɗu, biyu nan biyu can, tana tsattsagar kibod kamar kaza ta samu tsaba. Ido ƙur a ƙasa, ƙafa ɗaya a kan kujera. Sauran shidan don ado Allah ya ba ta?

Talata, 7 ga Mayu
Na tono takardar shaidata ta sakandare daga ƙasan akwati na ajiye mata a gaba. Buga tafireta, ni ce ta biyu a aji. Malamarmu da rula take zagaya mu. Hagu a kan A S D F, dama daga J zuwa gaba, layin tsakiya ke nan, nan ne gidan yatsu. Yatsa kamar ɗan mutunci ne, ya je aike ya dawo gida. Wanda ya tsaya yawo, rula.

Ta ce, "Mama, na fa auna, arba'in da bakwai nake yi." Na ce sauri ba tarbiyya ba ne, ɓarawo ma yana da sauri. Gobe za mu fara. Rabon da in ji zumuɗi irin wannan har na manta.

Laraba, 8 ga Mayu
Ikon Allah! A kan F da J akwai ɗan tudu ƙarami, yatsa na jin sa. Shekara nawa tana dukan abin nan ba ta taɓa lura ba. Na ce to kin gani, waɗanda suka ƙera shi ma bayana suke. Na yafa mata ɗankwali a kan hannuwa kamar yadda aka yi mana, na zauna gefe da rular ɗinkina. Ban taɓa ta ba, teburi kawai nake ƙwanƙwasawa.

Juma'a, 10 ga Mayu
Bayanta ya miƙe, ƙafa ta sauka ƙasa. Gwanin sha'awa. Na kira Yaya a waya na ba ta labari, ta ce in bar yarinya ta sha iska. Ita dama haka ta lalata nata.

Asabar, 11 ga Mayu
Saurin Auta ya faɗo goma sha tara a minti. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Babansu ya sauke tabarau ya ce, "Ke da kullum kike ce musu ba a fafe gora ranar tafiya?" Na ce ai gyara nake yi. Ya ce, "To malama, zauna ki nuna mana gyaran. Ni zan riƙe agogo." Har da ni zai yi wa? Gobe zai sha mamaki.

Lahadi, 12 ga Mayu
Ban so rubuta wannan ba.

Na zauna, na jera yatsu, na ɗaga kai kamar yadda aka koya mini. Ya ce fara. Ashe abin nan ba ya son ƙarfi. Ni kuwa na saba da tafireta mai taurin kai, sai in danna harafi ɗaya ya haifi huɗu. Da na kai ƙarshen layi hannuna na hagu ya tashi da kansa zai tura ƙarfen mayar da layi, ƙarfen da babu shi. Kofin ruwan Babansu na mara, ya tafi ƙarƙashin kujera. Mutumin nan ya yi dariya har da tari. "A kawo rula!" in ji shi. Ashirin da biyu. Shekara talatin ban buga ba, a yi mini adalci.

Auta ta ce, "Mama, in gwada nawa?" Ta ture ɗankwali ta koma wa yatsunta huɗu. Talatin da uku. Ta sake, talatin da huɗu. Ina kallo ƙaramin yatsanta na miƙowa zai shiga aikin da ba a saba ba shi ba, manuni na jiran sa, duk sun rikice. Ta dube ni ta ce, "Yanzu ba nawa, ba naki." Ba wanda ya ƙara dariya.

Saura kwana huɗu.

Litinin, 13 ga Mayu
Na wanke ɗankwalin na mayar cikin kaya. Dama yana neman wanki. Ban shiga ɗakin ba. Daga kicin nake saurare, kas-kas-kas, ina ce wa kazar nan a raina yi sauri, yi sauri.

Talata, 14 ga Mayu
Arba'in da uku! Na ji ihunta na shigo da ludayi a hannu. Amma da na duba aikin, layi guda ta tsallake cur, domin idonta na kai da komo tsakanin takarda da kibod, sai ta ɓace wurin da ta tsaya. Na ɗauko rula. Ta janye hannu, 'yar nema. Na ɗora ta a kan takardar, ƙarƙashin layin da take kwafa, na ce in kin gama layi ki zame ta ƙasa. Sau uku ta buga, ba tsallake ko ɗaya. Ta ce, "Ashe rular nan tana da amfani." Na ce ki kiyayi bakinki.

Alhamis, 16 ga Mayu
Ta tafi da rulata a jaka. Na share falo sau biyu, na zuba wa Babansu gishiri a shayi. Ta dawo da azahar. Ta ce mai kula da gwajin ko kallon hannun kowa bai yi ba, agogo yake kallo. Rular ma ya ɗaga ya duba ya mayar mata. Wata a kusa da ita da yatsu goma take yi kamar ruwan sama, ba ta ko kallon ƙasa. Na ce kin ji ko! Ta ce, "Ita ma na tambaye ta, wata shida ta yi tana koyo." Na tashi duba tukunya.

Litinin, 20 ga Mayu
An ɗauke ta!! Ita da mai yatsu goman. Arba'in da biyar, kuskure biyu. Allah abin godiya. Ta ce in ta zauna daram a aiki in koya mata layin tsakiya a hankali. Na ce sai na duba lokacina.

Na ce ta buɗe mini kwamfutar in rubuta wa Yaya albishir da kaina. Ina cikin yi na ji shiru a bayana. Na waiga, uba da 'ya sun zuba wa hannuna ido, suna danne dariya. Yatsu biyu ne, na sani. Ƙananan sun kwana biyu suna yi mini ciwo, shi ke nan. Kuma saƙon ya isa, ba kuskure ko ɗaya.