Ƙarfe a Bakin Garma

Yaya Maryse,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Har yanzu hazo na kwanciya a kan kogin Ancre da safe?

Ni lafiya lau, kada ki damu. Gonar alkamar nan ta Ostiraliya shimfiɗe take, babu ramukan tsohon yaƙi da ciyawa ta rufe irin namu na Faransa. Shekaranjiya garma ta bugi ƙarfe. Na kashe tarakta, na ɗauke shi a hankali, na ajiye a bakin hanya domin masu kwance bam, yadda muka saba. Ashe tsohon bututu ne.

Daryl, mai gonar, ya yi dariya har da hawaye. "Kai Bafaranshe, wa ya binne maka bam a nan? In ba ka daina tafiyar hawainiya ba, zan nemi wani."

Wataƙila da gaskiyarsa. Na gwada sauri, ƙafata ta ƙi. Ina tuƙi ina ganin farar ƙasarmu, kunnena yana jiran ƙarfe.

Ki tambayi Baba ko ya samu mai nome masa gangaren bayan coci. Kada ki ce ni na tambaya.

Ƙaninki,
Ghislain