Fasinjojin Jirgin da Ba Ya Tashi

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

A rubuta wannan saboda 'yan baya. Yau, bayan shekara goma sha ɗaya ina zaune a kan kujera mai ƙafa uku da bulo, gwamnati ta ba ni kujera mai juyawa. Ta Malam Lawal ce da ya yi ritaya. Sai da na yi juyi biyu sannan na lura an haɗo ni da fayil ɗin da ya bari: kamfanin jiragen sama na Shamuwa yana roƙon gwamnati ta cece shi, karo na uku. Darakta ya ce in rubuto shawara cikin kwana goma, kada ta wuce shafi biyu, don idonsa ba ya kaiwa na uku.

Laraba, 7 ga Mayu

Aiki mai sauƙi. Jirgi ɗaya ya rage musu, mai farfela, hanyarsu kuma ɗaya, daga Abuja zuwa Birnin Tama, garin su Luba matata. Wata bakwai bai tashi ba. Mai kamfanin kuwa kullum yana sama, a jiragen wasu. Talakan da za a ɗebi harajinsa bai taɓa ganin cikin jirgi ba. A shawarar da na fara rubutawa, sakin layi na huɗu ya fi yi mini daɗi: "Mutanen Birnin Tama suna da hanyar mota, kamar sauran bayin Allah." Na karanta wa Luba muna cin tuwo. Ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni yaushe rabona da bin hanyar. Shekara shida, amma sai na nemi ƙarin miya.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ƙa'ida ta ce sai an je an gani da ido, don haka na je filin jirgi. Kantar Shamuwa tana can ƙarshen zaure, inda ko masu shara ba sa yawan zuwa. Na zaci zan tarar da ƙura. Sai ga mace tsaye da kayan aiki a goge, ga allo a bayanta: Birnin Tama, 11:40. Sunanta Cynthia. Ta ce kullum takwas na safe tana nan, don in aka bar kantar ba kowa, wani kamfani za a ba wurin.

Akwai wani babban littafi a gabanta. Ashe har yanzu mutane suna zuwa, ko su kira, suna tambayar ko jirgi zai tashi. In ta ce babu, suka ce to za su bi mota, sai ta rubuta suna da lamba, da lambar wani ɗan'uwa. Washegari ta kira. Wanda ya isa ta yi masa maki da shuɗin biro. Wanda ba a ji ɗuriyarsa ba ta kewaye sunansa da ja.

Na tambaye ta wa ya sa ta wannan aikin.

"Ba kowa, oga. Da, in jirgi ya sauka, ana kira a ce duka mutane ya sauka, sai in rufe takarda. Yanzu ba mai kira. Ni kuma ba na iya rufe takarda haka nan."

Na buɗa shafuka. Jajayen ba su da yawa. Na kai na tara na daina.

Sha biyu saura minti ashirin ta dubi agogo, ta gyara tsayuwa, ta faɗa wa kujerun da ba kowa a kansu cewa an rufe ƙofa. A hankali ta faɗa, kamar mai gudun tashin wani daga barci. Tana rufe baki wata ƙara ta taso daga baya, har gilashin taga yana rawa. Na yi karance-karance a kan jiragen ruwa da ke yawo ba matuƙi, ina dariyar masu tsoronsu. Yau tsikar jikina ta tashi da rana tsaka.

Injiniyansu ne, Solomon, mutumin Orozo. Ya koma noman doya, amma duk Alhamis yakan zo ya kunna injin minti ashirin, jirgin na tsaye. Ya ce injin da aka bari shiru wata biyu ba ya sake tashi. Ya shigar da ni ciki. Duk kujerun an ɗaure bel ɗinsu tsaf, kamar da mutane a zaune. Har yanzu wurin yana ƙanshin daddawa da turaren wuta. Na yi masa barkwanci cewa fasinjojinsa akwai ladabi. Ya ce eh, ba sa ƙorafi.

Asabar, 10 ga Mayu

An yi ruwa a Dutse Alhaji. Na ga shamuwa biyu a kan tankin maƙwabci. Su dai ba su nemi tallafi ba.

Talata, 13 ga Mayu

Musaddiq ƙanen Luba ya kira, jikin Hajiya mahaifiyarsu ya yi tsanani. Luba ta ce ranar Juma'a za ta tafi. Na ce ta ɗan jira a ga hali. Ta ce ai akwai hanyar mota, kamar sauran bayin Allah. Ashe ta haddace.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na miƙa shawara: kada a ba su ko sisi. Darakta ya ja layi a ƙarƙashin sakin layi na huɗu, ya ce Manniru kana da alƙalami. Gab da sha biyu na ji kamar ƙarar injin nan. Daga ofis zuwa filin jirgi tafiya ce mai nisa. Janareto ne, tabbas.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na kai Luba tasha bayan asuba. Ta kira da hantsi, ta ce sun kusa shiga dajin da ba sabis. Da la'asar ya kamata su isa. An yi magariba, wayarta a kashe. Musaddiq yana tashar can tun azahar, ya ce ba motar Abuja ko ɗaya da ta shigo.

Asabar, 17 ga Mayu

Ƙarfe tara baƙuwar lamba ta kira. Na ɗauka.

"Ina kwana, oga. Daga Shamuwa ne. Madam Luba Manniru ya isa?"

Ba ta gane ni ba. Ashe Luba ta kira su ranar Laraba ta tambayi jirgi, ba ta faɗa mini ba, ta kuma ba da lambata. Na ce ba mu ji komai ba tukuna, na roƙe ta kada ta rubuta komai. Ta ce kada in damu, ba ta sa jan biro sai an kwana uku. Na ji ƙarar buɗa shafi kafin ta ajiye. Akwai wanda za ta kira bayana.

Lahadi, 18 ga Mayu

Shiru. Na tattara duk jan biron da ke gidan na jefa a bayan kabad. Mutum mai digiri biyu.

Litinin, 19 ga Mayu

Alhamdu lillahi. Bayan la'asar Luba ta kira da wayar Musaddiq. Motar da ke gabansu aka tare a dajin. Direbansu ya hango, ya juya ya faɗa wani ƙauye, mutanen garin suka ajiye su a ajin makaranta har aka sami rakiya yau. Hajiya ta gane ta, har ta sha kunu.

Ta ce akwai wata Muhibba da suka raba gyaɗa a tasha, malamar asibiti. Mota ɗaya za su shiga, sai ta gaban ta rage mutum ɗaya, Muhibba tana sauri ta koma can. Ita ce motar da aka tare. Sannan Luba ta ce in sanar da matar nan ta Shamuwa cewa ta isa.

Na kira lambar sau shida. Lambar kantar ce, sun tashi aiki tun rana.

Alhamis, 22 ga Mayu

Tun Talata layin ba ya shiga, sai na je filin jirgin da kaina. An cire allon. Wani mai naɗe jakunkuna da leda ya riga ya kafa injinsa a wurin. Kwamiti ya amince da shawarata, labari ya kai ga mai kamfanin, ya sallami kowa. Shekara goma sha ɗaya kujera ta ɗauka. Wannan kwana biyar.

Solomon yana zaune a benci, ya zo don ya saba zuwa, ba a bar shi ya shiga ba. Cynthia ta bar masa littafin, shi kuma bai san wa zai ba wa ba. Na buɗa shafin Juma'a. Muhibba, an kewaye. Ƙasa da ita, Luba Manniru, an kewaye. Na san tana can tana dama wa Hajiya kunu, na ji muryarta da safe, amma sai da na zauna. Na ciro birona na yi maki a gefen jan. Ba ya gogewa.

Sha biyu saura ashirin Solomon ya ɗaga kai, ni ma na ɗaga. Ba mu ji komai ba.

Na taho da littafin. Bai hana ni ba.

Lahadi, 25 ga Mayu

Laraba Luba za ta dawo, ta hanyar nan dai. Na buɗe sabon shafi na rubuta sunanta, da lambar Musaddiq.

Har gobe ban ce a damƙa wa mai kamfanin nan kuɗin talakawa ba, shafi na farko yana nan daram. Amma sakin layi na huɗu, wanda aka ja wa layi. Ban yi daidai ba.