Kwalbar Mai Ɗaya ta Baba

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024
Sunan Baba ya fito a shirin gwamnati na injin ban-ruwa mai sola. Ka miƙa tsohon injinka na fetur, a ba ka sabo. Malamin gona ya yi ta zuba kan hayaƙi da sauyin yanayi, Baba na gyaɗa kai. A hanyarmu ta komawa gida Madadi ya ce, "Nasiru, wai ɗan injin nan nawa ne ya hana damina zama?" Na yi dariya. Ni dai na huta da yawon neman mai.

Asabar, 9 ga Nuwamba
Sun tafi da tsohon injin. Sai da Baba ya shafa shi kafin a ɗora a mota. Na kau da kai.

Talata, 12 ga Nuwamba
Innalillahi! Irin albasa ya nutse, kwamin shuka huɗu cur. Wallahi laifina ne. Shekara uku idon Baba na dushewa, ban taɓa tambayar yadda yake gane ruwa ya isa ba. Ashe kwalbar mai ɗaya yake zubawa, ya koma gindin mangwaro ya zauna. Injin na mutuwa, ya san shuka ta ƙoshi. Shi kuwa sabon ba shi da ƙara, ba ya mutuwa muddin da rana. Ya kunna, ya zauna yana jira har azahar. Na tarar da shi tsugune cikin taɓo yana lalubar irin da hannu. Ni da takarduna da cika fom, ko kunya.

Laraba, 13 ga Nuwamba
Yaya Barira ta zo daga Kabo da faɗanta. "Sai ya faɗa rijiya za ka ji daɗi? Karɓe makullin injin, ya zauna a gida." Tana faɗa tana kuka. Na ce to.

Lahadi, 17 ga Nuwamba
Na karɓa. Bai yi musu ba. "To, Malam Nasiru," kawai ya ce. Tunda aka haife ni bai taɓa ce min Malam ba. Da mari ya yi min da ya fi sauƙi.

Alhamis, 21 ga Nuwamba
Inna ta ce ko rabin koko ba ya sha.

Asabar, 23 ga Nuwamba
Na goya shi a babur, wai ya raka ni dashe. Muna isa ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya je can ƙarshen kwami ya tsaya. "Kunna." Na kunna. Shiru, sai tsuntsaye. Can ruwan ya taɓa yatsunsa, ya hau har idon sawu. "Kashe!" Na duba, daidai wallahi, ba ƙari ba ragi. Haka muka bi kwami tara, yana ba da umarni kamar ina ɗan shekara goma. Da za mu taho ya ce sabon ma ba laifi, yanzu yana jin mai tahowa tun daga nesa. Na ji daɗi ƙwarai.

Litinin, 2 ga Disamba
Yaya Barira ta kira, wai Baba na gida? Na ce yana nan lafiya, ban ƙara komai ba. Na roƙi hedimastan makarantar da nake koyarwa ya mayar da darasina na farko zuwa ƙarfe goma, don in riƙa kai Baba gona da safe. Na ce masa hanyar Gwarzo ce ta lalace.