Amfilifayar Seidu

Asabar, 5 ga Maris, 1983

Wasana na farko tun da aka koro mu daga Legas. Bikin suna a unguwar Nima, da rana, saboda dokar hana fita. Na jona gitata a amfilifayar Seidu, wanda ya koya mini kiɗa. A tsakiyar waƙa ta uku na ɗaga yatsuna daga tsirkiya, sai sifika ta ja numfashi. Ƙugin wuta na san shi, wannan daban ne. Haki ne, irin na wanda ya sha gudu. Ganiyu mai ganga ya yi dariya: "Chale, abokina, akwatinka yunwa yake ji."

Talata, 8 ga Maris

Na bi ta Maamobi. Indo, matar Seidu, ta hango ni daga bakin tukunyar waakye, shinkafa da waken da take sayarwa. "Jamiu, har yanzu yayanka bai aiko ba?" Seidu take nufi. Na ce hanya ce ba kyau, yana tafe. Abin da nake gaya mata ke nan tun ranar da jirgin ruwa ya sauke mu a tashar Tema. Ta ƙara mini cokali ɗaya, a wannan shekarar yunwa.

Asabar, 12 ga Maris

Wasa a Adabraka. Yau amfilifayar fito ta yi, sau biyu, gajeru. Haka Seidu yake mini alama idan lokacin shigata ya yi. Na shiga kuwa, kafin in tuna. Mutane suka yi ta tafi, sun ɗauka sabon salo ne.

Litinin, 14 ga Maris

Na kai ta wurin Kadiri mai gyaran rediyo. Ya ce gishirin teku ya cinye wayoyin ciki, kwalbar lantarki ɗaya ta saki, shi ya sa take kama tashoshi. "Ruwa ya taɓa ta?" Na ce feshi ne kawai. Ya sauya abin da zai sauya. Na so in yarda da shi.

Laraba, 16 ga Maris

Na juya fuskarta bango.

Asabar, 19 ga Maris

Ɗaurin aure a Maamobi, Indo na cikin masu girki. Ganga ta tsaya, ni ma na tsaya, sai amfilifayar ta ce, "Jami." Ba mai kirana haka sai mutum ɗaya. Ganiyu ya rantse ƙara kawai ya ji. To, me ya sa Indo ta miƙe da ludayi a hannu? Na zare waya, na ce zazzaɓi ne.

Lahadi, 20 ga Maris

Bari in rubuta, ko sau ɗaya. Apapa a Legas, bakin jirgin ruwa, dubban mutane suna ture juna a kan matakala. Seidu ya miƙo mini amfilifayar ya ce in hau gaba. Na rungume ta da hannu biyu. Aka yi turereniya, ƙafarsa ta zame. Ya kira ni, ya miƙo hannu. Ban sake ta ba. Ya faɗa tsakanin jirgi da bango, ruwa ya rufe. Da na sake ta, da na kai gare shi? Ban sani ba. Wallahi ban sani ba.

Juma'a, 25 ga Maris

Ba don in yi magana na je ba, abinci na je ci wurin Indo bayan masallaci. Ta zuba mini, na kasa ɗaga cokali. Ban tuna da wace kalma na fara gaya mata ba.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta rufe tukunya, ta zauna a ƙasa, ta daɗe. Batun hannuna ma na faɗa. Ta dube su. Can ta tambaya, "Ya ci abinci a ranar?"

Na ce ya ci. Wannan gaskiya ne, burodi ɗaya muka raba.

Jibi za a yi wa marigayi addu'a. Ta ce ni zan zagaya in gaya wa mutane.