Dutsen Klothilde

Litinin, 2 ga Nuwamba, 1925

A rubuta a tarihin ƙasar Jamus: yau da ƙarfe tara da kwata aka cire ƙusar da nake rataya hulata shekara goma sha tara, don a wuce da wayar lantarki zuwa ɗakin ƙasa. Ba a yi mata jana'iza ba.

Mai wayar ita ce Dakta Hedwig Rasch, sabuwar malamar da jami'a ta ɗauko daga Berlin, ita da injinta mai fitar da hasken nan da likitoci ke hoton ƙashi da shi. Ita duwatsun lu'ulu'u take haskawa. Wai hasken yana ratsa dutse ya bar ɗigo-ɗigo a kan gilashin hoto, daga ɗigon ta san yadda cikinsa ya jeru. Ni na tsufa ina auna fuskokinsu da ma'aunin kusurwa da idon da Allah Ya ba ni, ban taɓa jin dutsen da ya kai ƙarata ba.

Alhamis, 5 ga Nuwamba

Ta hawo ofishina. Dutsen Klothilde take so, ba wani ba! Koren nan da bai wuce kan babban yatsa ba, wanda na tsinto a ramin haƙar ma'adinai na Harz a 1906. Fuska shida cif, irin da ba a taɓa gani ba, na sa masa sunan matata. Babi na bakwai na littafina kansa ya tsaya, mai ɗab'i a Leipzig yana jiran gyaran ƙarshe ranar ɗaya ga Disamba.

"Aro kawai, Farfesa. Kwana biyu. Ko gashinsa ba zan taɓa ba."

"Ba shi da gashi, Dakta. Ni ya gado."

Ta yi dariya, amma ba ta fita ba. "Ya cika kyau ne. Abin da ya cika kyau haka ina son in leƙa cikinsa."

Na ce ta je ta leƙa cikin gishiri, akwai shi a kicin.

Talata, 10 ga Nuwamba

Klothilde, tana zuba mini miyar dankali: "Ottmar, ka ba yarinyar nan dutsen. In kana da gaskiya, tsoron me kake ji?"

Tsoro! Na kai wa Dakta Rasch shi da hannuna. Don in ga kunyarta ne kawai.

Asabar, 14 ga Nuwamba

Ta zo da gilashin hoton, yatsunta duk sun yi baƙi da ruwan wanke hoto. Ta ɗaga shi a taga. Ɗigo ne birjik, kamar ƙudaje sun yi taro.

"Ba dutse ɗaya ba ne, Farfesa. Uku ne suka girma manne da juna, kowanne ya ba da fuska biyu. Kuma irin da aka sani ne tuntuni." Ta faɗi sunansa a hankali, kamar mai gaisuwar mutuwa.

Na ce injinta ya yi maye. Na ce na auna kusurwoyin nan sau ɗari biyu tun tana koyon ɗaura igiyar takalmi.

"Awonka daidai ne," in ji ta. "Ta waje kawai ka auna."

Rashin kunya cikin ladabi, shi ya fi ciwo.

Laraba, 18 ga Nuwamba

Ta sake ɗauka. Ƙudajen ba su canja wurin zama ba. Za ta gabatar a taron sashe ranar 27.

Da la'asar a teburinmu na gidan giya, Brenneke malamin Girkanci ya sunkuyo, gashin bakinsa duk kumfa. "Tsoho, wahalar me kake sha? Ba a tabbatar da ita a aiki ba tukuna. Kalma ɗaya ga shugaban tsangaya, wai injin na barazanar gobara, sai ta koma Berlin."

Na ce masa ya koma wajen matattun mawaƙansa. Zan kayar da ita, amma a gaban allo, da lissafi, kowa na kallo. Ba a bayan ƙofa ba.

Ba zan cire ko wasali ɗaya daga babi na bakwai ba.

Lahadi, 22 ga Nuwamba

Klothilde ta ji labari. "Ashe ni uku ce? Shi ya sa nake aikin mutum uku a gidan nan." Ban yi dariya ba. Sai da na shiga ɗakin karatu.

Alhamis, 26 ga Nuwamba

Na sauko da littattafan awona na 1906 don in haɗa makaman yaƙar Dakta Rasch. Rubutuna na lokacin, tsaye ƙyam, na saurayi mai tabbacin komai. Shafi na arba'in da ɗaya: "Siririn layi a gefen fuska ta biyu, da ta huɗu, da ta shida. Tsagewa ce daga gudumar mahaƙi. Ba komai."

Na ɗauko dutsen, na sa madubin ƙara girma. Suna nan. Uku, tazara ɗaya, kamar an ja su da rula. Wace irin guduma ce ta iya lissafi haka?

Na gan su. Shekara goma sha tara da suka wuce na gan su, na rubuta "ba komai", domin wata biyu da aurenmu ne, kuma na riga na faɗa wa Klothilde sunan.

Ban ci abincin rana ba.

Juma'a, 27 ga Nuwamba

Dakta Rasch ta yi bayaninta. Da ta gama, kowa ya juyo yana jiran in yanka ta. Brenneke har da gyara zama, shi da bai san ko sunan dutse ɗaya ba.

Na tashi na karanta musu shafi na arba'in da ɗaya. Na zauna. Ɗalibai suka yi ta buga ƙafa a daɓe, irin tafinsu na nan, ban san ko ni suke yi wa ko ita ba, ban kuma tambaya ba.

A hanyar gida na biya gidan waya na aika saƙo: Leipzig su dakatar da babi na bakwai. Littafin zai fi sauƙin ɗauka, shi ke nan.

Gobe da safe zan sauka ɗakin ƙasa. Ba koyo zan je ba, dubawa kawai. Akwai wasu duwatsu biyu a babi na tara da su ma suka cika kyau.

Ita ce da gaskiya. Ni ne na yi kuskure.